Wa Zai Sauke Mata Mangala?

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa an ba shi labarin Bayajidda. An gaya mana yadda baƙo ya sauka Daura da dare, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya Daurama. An gaya mana cewa sarauniyar ta ba shi kuyanga, kuyangar ta riga ta haihuwa ta sami Karɓagari, daga baya Daurama ta haifi Bawo. Daga ɓangaren matan aure aka fitar da Hausa Bakwai, daga ɓangaren kuyanga aka fitar da Banza Bakwai. Ni 'yar Augie ce, a cikin masarautar Argungu, saboda haka wannan lissafi ya shafe ni kai tsaye: Kabi tana cikin banzayen, Yawuri ma haka. Wato masarautu biyu daga cikin huɗu na jiharmu, har da ƙasar da Kanta ya kafa a ƙarni na 16 ya gina mata ganuwar Surame, an yanke musu hukunci ne da matsayin wata mace guda wadda ko sunanta labarin bai riƙe ba. Bagwariya kawai ake ce mata.

Masana tarihi sun daɗe suna gardama a kan ingancin labarin, na bar musu wannan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin kayan da aka ɗora wa wannan baiwar Allah. Mace ce, amma ai Daurama ma mace ce, ga ta bisa gadon mulki. Baiwa ce, amma bayi maza sun riƙe manyan sarautu a fadoji, kamar Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano. Bare ce, amma Bagwarin da ke zaune a ƙasarsa ɗa ne mai cin gashin kansa. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan, in shi kaɗai ne, akwai wanda ya ɗauke shi ya kai labari. Haɗuwarsu a jikin mutum guda ce ta sa har yau ake kiran jikokinta banza.

A gafarce ni da misalin da zan kawo, domin daga fadama na fito. Wanda ya taɓa yi wa jaki lodi ya san mangala aljihu biyu gare ta, ɗaya dama ɗaya hagu. Idan mai tausayi ya zo ya sauke ɓangare guda ya kama gabansa, bai rage wa dabbar wahala ba: ɗaya ɓangaren zai rinjaya, ya ja akumari, ya goge mata baya, wani lokaci ma ya kayar da ita. Tambayar da nake so mu duba ke nan. Idan mutum yana ɗauke da zalunci iri biyu ko uku a lokaci guda, shin adalci ne mai gwagwarmaya ya zaɓi wanda ya shafe shi ya sauke, ya ce ya gama aikinsa? Kuma wa ke da hurumin yin magana da yawun mai kayan?

A Amurka aka raɗa wa wannan matsala suna. A shekarar 1976 wata kotu ta yanke hukunci a kan ƙarar da wasu mata baƙar fata su biyar, cikinsu har da Emma DeGraffenreid, suka kai kamfanin motoci na General Motors. Kamfanin bai fara ɗaukar mata baƙar fata ba sai bayan 1964, da tattalin arziki ya karye aka ce wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, sai guguwar ta kwashe su. Kotu ta ce su zaɓi ɗaya: ko wariyar launi ko wariyar jinsi, ba za a haɗa musu biyun ba. To, kamfanin yana ɗaukar mata, amma farare. Yana ɗaukar baƙaƙe, amma maza. Ta kowace ƙofa suka shiga, sai a nuna musu wani ya riga su wucewa lafiya. Daga wannan shari'a da ire-irenta wata malamar shari'a, Kimberlé Crenshaw, ta yi rubutu a 1989 ta kwatanta halin irin waɗannan mata da na mutumin da aka buge a mararraba, kowane direba yana cewa ba motarsa ba ce.

Na san abin da wani zai ce: wannan ciwon Amurkawa ne, mu nan duk baƙaƙe ne, kada a shigo mana da rigimar da ba tamu ba. Amsa ta farko ita ce ba daga can tunanin ya fara zuwa mana ba. Shekara bakwai kafin rubutun Crenshaw, a 1982, an yi wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wanda ya haifar da ƙungiyar WIN, kuma ginshiƙin aƙidarta shi ne cewa macen Nijeriya tana shan danniya biyu, ta talauci da ta kasancewarta mace, kuma ba a magance ɗaya a bar ɗaya. Amsa ta biyu ta fi ɗaci. Abin da launi yake yi a can, asali ne yake yin sa a nan.

Kowa ya san abin da ake nufi da binciken asali kafin aure. Ana tambayar hali da addini, gaskiya ne, amma akan rage murya a tambayi wani abu daban: mahauta ne? Maƙera? Wanzamai? Maroƙa? Ko kuwa, Allah ya kiyaye, gidan bayi ne? A ƙasarmu ma, inda Bakabe da Ba'are da Bazabarme da Bafulatani da Basarke suke cin kasuwa ɗaya, tsofaffi ba sa bukatar tambaya, tsagar fuska suke karantawa kamar wasiƙa. Addininmu ya sa tsoron Allah ne ma'aunin daraja, muna jin haka a huɗuba kowace Juma'a, mu fito mu koma wa ma'auninmu na gado.

Sai dai asali ba ya faɗa wa namiji da mace iri ɗaya, kuma a nan ne maganar take da nauyi. Masana sun ƙiyasta cewa lokacin da Turawa suka ci Daular Sakkwato akwai bayi a cikinta tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi. Dokar Lugga ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. A tsakanin nan bawa namiji yana da hanyoyi: ya gudu ya shiga soja ko aikin jirgin ƙasa, ko ya biya murgu har ya fanshi kansa. Baiwa kuwa, musamman wadda aka sa a ɗaka, sai Turawa suka ga dama suka ɗauki lamarinta a matsayin wani nau'i na aure, abin da bai kamata gwamnati ta sa baki a ciki ba, don kada su ɓata da manyan da suke mulki ta hannunsu. Dokar 'yanta bayi ta zo ta wuce ta saboda mace ce. Haƙƙin matan aure bai kai gare ta ba saboda baiwa ce.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsohon labari ne. A ƙetaren Illela, a yankin Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, an sayar da wata yarinya mai suna Hadizatu Mani a 1996, tana da shekara 12, a kan sefa 240,000. Ta zama abin da ake kira wahaya, wato mace ta biyar: ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba rabon kwana, sai aikin gida da na gona da kuma shimfiɗar maigida. Nijar ta mayar da bauta laifi a 2003. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta ɗauki ƙunshinta za ta tafi sai ya ce ina, ai ke matata ce. Ku dubi yadda aka juya mangalar. Shekara tara ana hana ta haƙƙin mata da hujjar cewa baiwa ce. Ranar da bauta ta haramta, sai aka hana ta 'yanci da hujjar cewa mata ce. Da ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata ɗaurin wata 6 bisa laifin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 don yaƙi da bauta, ita ce ta tsaya mata tare da wasu lauyoyi har gaban kotun ECOWAS, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Ɗan'uwanta namiji, da a ce shi aka sayar, da takardar nan ta 2005 ta ishe shi. Kishiyarta 'yar gidan 'ya'ya kuwa, da aure ya gundure ta, da alƙali ya saurare ta tun zaman farko, domin akwai igiyar da za a tsinke kuma akwai dangin da za su rako ta.

Shi kansa launin ma bai ƙyale mu ba, sai dai ya zaɓi wanda zai kama. Ban taɓa jin an fasa ba namiji mata don baƙi ne ba, amma kowa ya san kirarin farar mace alkyabbar mata, ya kuma ji samari suna cewa fara ko mayya ce. Kasuwar man sauya fata a kan wannan take ci. Idan kuma macen ta ƙetare iyaka, sai launin ya tashi da cikakken ƙarfinsa. A Makka da Jidda akwai dubban matanmu da ake kira takari, suna aikatau a ɓoye ba takarda, baƙaƙe a cikin Larabawa, mata a cikin gidajen da ba mai leƙawa. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Maza 7 ne kawai a ciki, saura mata 33 da yara 52, yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Duk lokacin da ake maganar masu ƙetara hamada, hoton saurayi mai neman Turai ne yake zo mana a rai.

To, ina 'yan gwagwarmaya? Muna da su, kuma ba na cikin masu raina su. Hajiya Gambo Sawaba ta isa misali. An haife ta a 1933, mahaifinta mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Zariya, mahaifiyarta Banufiya (wata banzar ke nan a lissafin Daura). An yi mata aure tana da shekara 13, karatunta bai wuce firamare ba, ta shiga NEPU tana budurwar shekaru, ta zama shugabar matan jam'iyyar. An ɗaure ta sau 16. Mazan NEPU ma sun sha ɗauri da bulala, ba a musun wannan, amma namiji in ya fito daga kurkuku jarumi ne, ita kuwa da sauran matan jam'iyya sai da aka haɗa musu da sunan karuwai, aka taɓa mutuncin da mace ba ta iya fansowa a kotu. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959. Na Arewa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Ta rasu a 2001, an sa wa asibiti sunanta a Zariya. Abin da ya ba ta kaifi, a ganina, shi ne ba ta da inda za ta ajiye wani ɓangare na kanta. Talaka ce a gaban sarakai, mace ce a gaban talakawa, 'yar baƙo ce a gaban masu tinƙaho da asali. Dole ta yi faɗan gaba ɗaya.

Mu na yau mun raba faɗan gida uku, kowane gida da ƙofarsa, kuma a kowace ƙofa akwai abin da ake cewa mace ta tuɓe ta bari a waje kafin ta shiga.

Gida na farko na masu kare talaka ne, kuma talakansu namiji ne mai gona. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya. Fadamun Augie da Argungu da Suru suka cika da injinan ban-ruwa, manyan masana'antun casa suka tashi, ɗaya a Argungu a 2017. An yi ta muhawara a rediyo a kan taki da farashin buhu da wanda ya ci rance bai biya ba. Amma shinkafa ba ta tashi daga gona ta faɗa tukunya. Tsakanin nan akwai mata: masu shiƙa a masussuka, masu kala bayan an kwashe, da masu gumi, waɗanda suke sayen tiya kaɗan ta shanshera, su jiƙa, su turara a tukunyar ƙarfe, su shanya a tabarma, su kai inji, su sayar a ci ribar da za a sayi sabulu da littafin yaro. Rancen manomi yana bukatar gona da asusun banki. Shari'a ta ba mace gadonta, amma a aikace sau nawa 'yan'uwa maza suke cewa ki bar fadamar a hannunmu, ma riƙa ba ki na tuwo? Da manyan masu saye suka shigo da tireloli suna ɗaukar shanshera tun daga bakin gona, farashi ya tashi, manomi ya yi murna, mai gumi ta ga jarinta ya daina cika tukunya. Da ambaliyar 2020 ta shafe gonaki a Kebbi, eka aka ƙirga, sunayen masu eka aka rubuta. Bazawarar da abincinta yake cikin kalar waɗannan gonaki ba ta da abin da za a auna.

(Ko bikin da muke alfahari da shi, wanda aka fara a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar sulhu Argungu, a Matan Fada ake yin sa, amma maza ne suke faɗawa ruwa da homa da gora. Mata suna bakin gaɓa suna guɗa, kuma su ne za su ƙyafe kifin.)

Gida na biyu namu ne, mu mata masu takardar digiri. Na zauna a tarurrukan da ake yi a ɗakunan otal a Birnin Kebbi, ana maganar kason mata a majalisa da muƙaman gwamnati, da Turanci, ana raba ruwan gora da kuɗin mota. Bukatun na gaskiya ne, ni ma ina so in ga mata a majalisa. Amma kusan kowace daga cikinmu ta sami damar zama a ɗakin ne domin ta baro wata yarinya a gida tana wanke-wanke da raino, yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye, ake aika wa uwarta ɗan abin da bai kai kuɗin katin wayarmu ba. Idan aka ba mata kujera goma a majalisa gobe, 'ya'yan wa za su hau? Mace mai asali da ilimi an sauke mata ɓangare guda na mangala tun daga haihuwa, saboda haka tana iya rantsuwa da zuciya ɗaya cewa matsalar mata guda ce tak, wadda ta rage mata.

Gida na uku na masu kare martabar Arewa ne. Ina fahimtar zafinsu. Mun ji yadda ake kiranmu aboki da wata irin murya a Ikko, mun ga yadda jaridun waje suke son hoton Musulma mai kuka don su tabbatar da abin da suka riga suka yanke a kanmu. Amma da 'yan matan Arewa suka fito a Twitter a farkon 2019, ƙarƙashin taken ArewaMeToo, suna ba da labarin fyaɗe da cin zarafin da aka yi musu, amsar da yawancinsu suka samu ita ce sun tona asirin gida, 'yan koren Turawa ne. An ce su zaɓa: ko 'yan Arewa ko mata. Haka aka yi wa Anita Hill a Amurka a 1991, lokacin da ta ba da shaida a kan Clarence Thomas, baƙar fata ɗan'uwanta da ake shirin naɗawa alƙalin Kotun Ƙoli. Da yawa daga cikin nata suka ce ta ci amanar launi. Rufin asirin da ake nema kullum da zanen mace ake yin sa.

Har tausayinmu ma yana da irin fuskar da yake ganewa. A ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. 'Yan mata 11 suka rage a hannunsu, ba a ga na ƙarshensu ba sai a 2023, wasu da goyo. Duniya ba ta yi musu ko rubu'in kururuwar da ta yi wa 'yan matan Chibok a 2014 ba, kuma wannan abin kunya ne. Duk da haka su an san adadinsu, domin suna da rajista da kayan makaranta da iyayen da suka iya kiran 'yan jarida. Sa'o'insu da ake ɗauka a hanyar itace ko a gonar dawa, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, ba sa zama labari, domin kalmar ɗaliba ce take buɗe kunnen duniya.

Akwai kuma wata wadda ban taɓa jin gida ko ɗaya daga cikin ukun ya ambace ta ba: Bafulatana mai tallan nono. Tun da rashin tsaro ya matso mu, har aka kai ga harin Mera a ƙaramar hukumarmu a watan Nuwamba 2024 inda aka rasa aƙalla mutum 15, zukata sun ƙeƙashe, kuma zargi ba ya tsayawa bincike. Mazan ruga suna iya janye jiki daga gari in ƙura ta tashi. Ita ce dole ta ɗauko ƙwarya ta shigo kasuwa, domin a cikin ƙwaryar nan cefanen gida yake. Ita ce za ta ji baƙar magana a madadin mutanen da ba ta sani ba, alhali watakila su ne suka kore shanun mijinta. Ga mutanen gari 'yar leƙen asiri ce, ga 'yan bindiga ganima ce, ga masu taron otal kuwa ba ta jin Turanci.

Akwai suka mai ƙarfi a kan duk abin da na faɗa, kuma ba zan kauce mata ba. Za a ce idan aka bi wannan hanya ba za a taɓa tara mutum goma a inuwa ɗaya ba. Yau mace, gobe mace talaka, jibi mace talaka Bafulatana, gata kuma a sake tsagawa, har kowa ya zama jam'iyyar kansa, a koma gasar wa ya fi wa shan wuya, azzalumi yana gefe yana dariya. Tsintsiya ai da maɗauri take shara. Na yarda haɗarin yana nan, na kuma ga inda ya faru, musamman a intanet, inda mutum yake jera sunayen rauninsa kamar lambobin yabo don ya rufe bakin abokin gardama. Wannan ba gwagwarmaya ba ce, wani sabon tinƙaho da asali ne aka juya shi.

Sai dai masu sukar sun ɗauka cewa haɗin kan yana nan, mu ne muke son fasa shi. Mai gumi ba ta fice daga ƙungiyar manoma ba, ba a taɓa rubuta sunanta ba ne. Hukuncina shi ne a sauya wurin da ake fara awo. Duk wata bukata da za a kai gaban hukuma, a fara gwada ta a kan wadda kaya suka fi yi wa yawa. Dokar da za ta 'yanta Hadizatu dole ta 'yanta bawa namiji, dole kuma ta kare matar aure, amma an ga dokar da ta 'yanta bawa ta bar Hadizatu a ɗaka. Rancen da mai gumi marar gona za ta iya samu, ƙaramin manomi ma zai same shi. Ganuwar da ta tsare 'yar tallan nono ta tsare ɗaliba. Idan aka fara daga ƙasa kowa yana ciki, kuma ba a bukaci kowa ya yi ƙaryar cewa wahalarsu ɗaya ba.

Saura tambayar wa zai yi magana. Ba na tare da masu cewa sai wanda abu ya shafa kaɗai zai buɗe baki, domin da haka ne da Hadizatu tana nan inda take. Lauyoyin da suka tsaya mata ba bayi ba ne. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya ara wa mutum murya da wanda ya karɓe masa ita. A nan nakan tuna Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. A matsayina na Bakaba ba na karanta tarihin gidansu da ido ɗaya: rundunarsu ce ta ci Birnin Kebbi a 1805, ta kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, kuma da yawa daga cikin matan da suka cika gidajen Sakkwato da Wurno yaƙe-yaƙen nan ne suka kawo su. Ba ta rushe wannan tsari ba, a cikinsa ta rayu, a samansa ma. Amma dabararta ta 'Yan Taru tana da abin koyi. Ta san matar aure ta ƙauye ba za ta iya barin gida ba, sai ta zaɓi dattijai mata daga cikin ƙauyukan kansu, ta naɗa su jaji, ta ba su malfa, suka riƙa zuwa da 'yan mata suna ɗaukar karatu suna mayarwa gida. Ta iya Larabci da Fulatanci, amma da ta nufi waɗannan mata sai ta yi musu da Hausa. Ta lura da wa ke iya tafiya, da wane harshe ake ji, da kuma bakin wa za a yarda da shi.

Waɗannan tambayoyi uku har yanzu ba mu amsa su a Augie ba. Taron da aka kira da ƙarfe goma na safe a sakatariyar ƙaramar hukuma ya riga ya zaɓi mahalartansa, domin a wannan lokaci tukunyar gumi tana kan wuta, mai nono tana hanya, 'yar aiki tana bakin rijiya. In ana son jin su, sai a bi su gidan da ake shanya, bayan la'asar, a zauna a tabarma, a bar wata daga cikinsu ta riƙe littafin sunaye ko da da ajami za ta rubuta. Kuma a shirya jin abin da ba shi aka zo nema ba. Mai yiwuwa ba za su fara da kujerar majalisa ba. Za su fara da kuɗin inji, da wanda yake kwashe dusa bayan an casa musu shinkafarsu, da fadamar babansu da yayyensu suka riƙe shekara goma sha.